Zanzibar, Morishus ko Seshel: duba dutsen tsibirin kafin ka biya kuɗin jirgi

Ƙanina ya shekara biyu yana tara kuɗi don ya kai maiɗakinsa da yaransu biyu su ga teku. Ban da na Jidda da ya hango ta tagar mota lokacin da ya je Umra, bai taɓa tsayawa a bakin ruwan gishiri ba. Kwanaki ya turo mini hotuna uku, ɗaya daga Zanzibar, ɗaya daga Morishus, ɗaya daga Seshel, ya ce, "Yaya, wanne za mu ɗauka? Ni dai duk iri ɗaya nake ganinsu." Da gaskiyarsa. A hoto kowanne farin rairayi ne da shuɗin ruwa da bishiyar kwakwa a sunkuye. Amma wanda ya taka ukun ya san Tekun Indiya kaɗai ya haɗa su, kuma bambancinsu daga ƙarƙashin ƙafa ya faro. Zanzibar murjani ne da ya daskare ya zama dutse. Morishus aman wuta ne da ya huce. Seshel kuwa ɓallin tsohuwar nahiya ne da aka bari a tsakiyar ruwa. Irin dutsen ne ke yanke yadda ruwa zai kasance a ƙofar masaukinka, da abin da za ka gani in ka ba teku baya, har da kuɗin farantin abincinka.

Da Zanzibar na fara masa, domin mun riga mun san ta a madafa ko da ba mu san ta a taswira ba. Kanumfarin da ake jefawa a kunu da zoɓo da yajin jego, tsibiranta sun daɗe suna cikin manyan masu noma shi a duniya, tun zamanin Sarkin Oman Sayyid Sa'id da ya mai da fadarsa can a ƙarni na 19. Babban tsibirin, wanda mutanen wurin ke kira Unguja, tsawonsa kusan kilomita 85 ne, kuma daga birnin Darussalam da ke gaɓar Tanzaniya jirgin ruwa mai sauri yakan kai ka cikin awa biyu. Mashigin da ya raba shi da Tanzaniya ba shi da zurfi sosai, har a zamanin da ruwan tekun duniya ya ja baya Unguja a manne take da nahiya. Ƙanwarta Pemba kuwa rami mai zurfi ne ya raba ta da gaɓa, ga tuddai ga ruwan sama, shi ya sa Larabawa suka kira ta koren tsibiri, kuma mafi yawan kanumfarin yau daga can yake fitowa.

Unguja shimfiɗaɗɗiya ce. Wuri mafi tudu a cikinta kimanin mita 120 ne, wato bai kai rabin Dutsen Zuma ba in an auna daga gindinsa. Wanda ya je neman tsauni da kwazazzabo zai dawo hannu rabbana. Yammacin tsibirin jar ƙasa ce mai zurfi, a nan gonakin kayan yaji suke, da kirfa da masoro da citta. Gabashi kuwa dutsen murjani ne tsirara, fari-fari mai ramuka da kaifi, ciyayi gajeru. Murjanin nan dangin jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya ne: wasu ƙananan halittun ruwa ne ke gina wa kansu gida da farar ƙasa, su mutu, wasu su ɗora a kai, shekaru dubbai, har ginin ya zama ƙasa. Ruwan sama ba ya zama a kan irin wannan dutse, zurarewa yake ta ramuka, shi ya sa ba za ka ga kogin kirki a gabashin ba, sai koguna na ƙarƙashin ƙasa masu ruwan daɗi garau, irin kogon Kuza da ke Jambiani. Da wannan dutse aka gina tsohon garin Zanzibar mai lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Abin da hoto ba ya faɗa shi ne tafiyar ruwa. Ranar da na fara kwana a Jambiani na iso da daddare, ina jin igiyar ruwa tana dukan katangar masauki. Da hantsi na fito na tarar babu teku. Ya janye ya bar fili fari fat, sai can nesa, fiye da kilomita guda, ake hango farin kumfa inda igiya ke karyewa a kan katangar murjani. A cikin filin mata ne birjik, sun ɗaure zannuwa, suna zaune cikin ruwa iya ƙugu a tsakanin turaku da aka jera aka ɗaura musu igiyoyi. Ciyawar teku suke nomawa, wadda suke kira mwani. Wata dattijuwa tana tsinke reshe tana ɗaure shi a igiya da ɗan zare, hannunta na tafiya kamar mai kitso, ga buhu a gefe ta cika shi da wadda ta nuna, za ta ɗora a ka ta kai tudu ta shanya. Kafin la'asar ruwan ya dawo ya shafe gonar duka, ko kan turke ɗaya ba a gani. Ban taɓa ganin gonar da ake shiga da izinin wata ba sai a nan.

Izinin wata na ce, kuma haka abin yake. Sau biyu a yini da dare teku ke cika ya janye, kowace tafiya kusan awa shida, kuma kullum lokacin yana ja baya da kusan minti 50. A tsayuwar wata da daren sha huɗu tafiyar ta fi nisa, bambancin cika da janyewa yakan kusanci mita 4. Bahaushen da ke lissafin kwanan wata don azumi da salla ba ya bukatar wani ya koya masa wannan. Amfanin saninsa shi ne wurin zaɓen masauki. A Paje da Jambiani da sauran gabashi, wanka sai an jira ruwa, kuma yawo a filin da ya bari sai da takalmi, saboda kaifin murjani da wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya. A Nungwi da Kendwa da ke arewa gaɓar ta fi gangara, ruwa ba ya nisa, ana shiga kowane lokaci, sai dai can ne cunkoson baƙi da kiɗan dare suka fi yawa.

Ga mai iyali daga wajenmu, Zanzibar tana da wani sauƙi da sauran biyun ba su kai ta ba. Kusan kowa Musulmi ne, kiran salla na iso ka ko'ina kake, ba ka tambayar yadda aka yanka nama, kuma matarka da hijabinta ba baƙuwa ba ce a kan titi. A Kizimkazi akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke nuna shekarar 1107. Ita ce kuma mafi araha a cikin ukun, nesa ba kusa ba. Sauro dai yana nan, a tafi da shirin zazzaɓin cizonsa.

Morishus, wadda a taswira ake rubutawa Mauritius, wata duniya ce dabam. Tana can kusan kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka, gabas da Madagaska, ba ta taɓa haɗuwa da wata nahiya ba. Daga ƙasan teku wuta ta yi ta amai tana tara baƙin dutse har ya ɓullo sama, kimanin shekara miliyan 8 da suka wuce. Wutar ta daɗe da mutuwa, ruwan sama ya yi ta cin tsaunin har ya bar tsinin duwatsu a zagaye kamar haƙoran tsohon zarto, da faffaɗan tudu a tsakiya. Mafi tsayinsu mita 828 ne. Akwai Pieter Both mai wani ƙaton dutse a ɗore a ƙoƙonsa kamar tulu a kan mai tallar ruwa, wanda duk inda ka bi a arewacin tsibirin sai ka ɗaga kai ka dube shi. Wanda ya san tudun Biu da tafkin Tila, ko tsaunukan Panyam a Filato, zai gane ƙasar nan da gani. Ramin Trou aux Cerfs da ke tsakiyar garin Curepipe bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, an zagaye shi da hanya mutane na motsa jiki da safe, tafkin Grand Bassin da Hindu ke ziyarta shi ma irin wannan rami ne da ruwa ya cika.

Tsibirin duka kilomita 65 ne a tsaye, 45 a kwance, amma yanayinsa ya fi girmansa. Iskar kudu maso gabas na ɗauko danshi ta sauke a kan tudu, inda wasu wurare ke samun ruwan sama fiye da milimita 4,000 a shekara, yayin da gaɓar yamma da ke bayan duwatsu ba ta cika kai 1,000 ba. Cikin tafiyar minti arba'in za ka bar rana mai zafi a bakin teku ka shiga hazo da yayyafi, har ka nemi rigar sanyi. Wannan ruwa ne ya haƙa kwazazzaban Black River, inda ɗan abin da ya rage na asalin dajin tsibirin yake, shi ne kuma ke zubowa daga tsayin kusan mita 100 a Chamarel. Kusa da nan akwai wani ɗan fili da toka da dutsen wuta suka ruɓe suka zama ƙasa kala-kala, ja da ruwan hoda da shuɗi-shuɗi, a kwance kamar an shanya rinannun zannuwa. Ƙarami ne, kada a sa rai da wani babban abu, amma yara na son sa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Morishus ba ya cikin hotunan talla. A gonakin rake, waɗanda suka rufe yawancin ƙasar noma, za ka ga tulin baƙaƙen duwatsu an jibge su, wani ya fi ɗaki tsayi. Kowane dutse a ciki da hannu ko da ƙarfe aka ciro shi daga gona kafin a samu wurin dasa rake, kuma hannun farko na bayi ne da aka kawo daga Afirka da Madagaska, daga baya na 'yan ƙwadago daga Indiya. A kusurwar kudu maso yamma dutsen Le Morne ya miƙe mita 556 daga cikin ruwa, gefensa a tsaye kamar bango. Kogunansa ne mafakar bayin da suka gudu, kuma mutanen wurin na ba da labarin cewa a 1835, da aka turo jami'ai su sanar da su an soke bauta, wasu suka zaci kamu aka zo yi suka faɗa daga sama. An sa dutsen cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Ɗan Afirka bai kamata ya je ya yi wanka a gindinsa ya tafi bai san wannan ba.

Ta fuskar ruwa, Morishus ta fi Zanzibar kwanciyar hankali ga mai ƙananan yara. Katangar murjani ta kusan zagaye tsibirin, igiya na karyewa a kanta can waje, tsakaninta da gaɓa kuma ruwa ne kwance marar zurfi kamar tafki. Cika da janyewa ba su kai mita guda ba, saboda haka tekun da ka bari da daddare shi za ka tarar da safe. A kudu, wajen Gris Gris, katangar ta yanke, igiya na dukan baƙin dutse kai tsaye. Wurin kallo ne, ba a shiga. Musulmi sun kai kusan kashi 17 cikin ɗari, ga babban masallacin Juma'a a Port Louis, babban birnin ƙasar, tun ƙarni na 19, abincin halal ba ya wuyar samu, tituna da asibitoci masu kyau, babu zazzaɓin cizon sauro. Aibinta biyu ne: tafiyar ta fi nisa da tsada, sannan tana kan hanyar mahaukaciyar guguwa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Tsofaffi har yau suna ambaton Carol ta 1960, kuma a Janairun 2024 Belal ta cika titunan Port Louis da ruwa har motoci suka yi iyo. Mai son ganin wuta tana amai da ransa sai ya ƙarasa maƙwabciyarta Reunion, inda Piton de la Fournaise ke tashi a kai a kai, amma can ƙasar Faransa ce, da nata bizar.

Seshel ce za ta ba Bahaushe mamaki ta wata hanya, domin zai ga duwatsun gida a tsakiyar teku. Irin dutsen Kufena na Zariya da na Kwatarkwashi da na garin Dutse, mai santsi da ƙyalli-ƙyalli idan an fasa, wanda masana ke kira giranit, shi ne jikin Mahe da Praslin da La Digue. Ka'ida ita ce tsibirin da ke tsakiyar teku ko na wuta ne ko na murjani, irin wannan dutse kuwa na nahiya ne. Dalilin saɓa ka'idar shi ne waɗannan tsibirai guntun tsohuwar nahiyar Gondwana ne, wadda ta haɗa Afirka da Indiya da Madagaska. Dutsen ya kai shekara miliyan 750, kuma kimanin shekara miliyan 65 da suka wuce Indiya ta ɓalle ta yi arewa ta bar shi a nan. A bakin ruwan Anse Source d'Argent da ke La Digue duwatsun na tsaye cikin rairayi, wasu sun fi gida, ruwan sama ya tsaga musu layuka daga sama zuwa ƙasa kamar zanen ƙwarya. Da yamma sukan koma ruwan hoda. Ban ga bakin teku da ya fi wannan kyau ba, kuma ba na jin zan gani.

Tsibirai 115 ne, amma kusan duk jama'ar, waɗanda ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, suna kan ukun nan ne. Mahe tsawonta kilomita 27 kacal, amma tsaunin Morne Seychellois ya kai mita 905, wato daga bakin ruwa sai hawa. Fili ya yi ƙaranci har sai da aka cike teku aka gina filin jirgin sama da wasu unguwanni. Inda babu fili babu gona, inda babu gona kuwa shinkafa da nama da albasa duk a jirgi suke zuwa. Nan tsadar Seshel ta samo asali, ba daga son kuɗin masu otal kawai ba. Kuɗin da zai riƙe iyali mako guda a Zanzibar zai iya ƙarewa a nan kafin kwana uku.

Daɗewar tsibiran a ware ta bar musu abin da babu a ko'ina. A kwarin Vallée de Mai da ke Praslin akwai wani dangin giginya da ƙwallonsa ya fi na kowace bishiya a duniya girma, guda ɗaya kan wuce kilo 15, ganyensa kuwa ɗaya zai rufe rumfa. In iska ta kaɗa a cikin kwarin, ƙarar ganyen kamar ana jan kwanon rufi. Manyan kunkuru ma ana ganinsu a La Digue da Curieuse, amma asalin taronsu, fiye da dubu ɗari, yana Aldabra, zoben murjani mai nisan fiye da kilomita 1,000 daga Mahe, wanda baƙo na yau da kullum ba ya kaiwa. Manyan tsibiran suna kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, guguwa ba ta cika isa gare su ba, zazzaɓin sauro ma babu. Sai dai Musulmi kaɗan ne. Akwai masallaci a Victoria, babban birnin ƙasar, amma a ƙananan tsibirai kifi ne abin dogaro, kuma a riƙa tambaya kafin a ci, domin har miyar jemage ana yi. Wasu bakin ruwan ba su da katangar murjani, igiya na da ƙarfi da ja, ba na yara ba ne. Mai fasfon Nijeriya kuma ya tabbatar da izinin shigarsa a hannu kafin ya sayi tikiti, domin a 2023 hukumomin ƙasar sun tsaurara wa 'yan Nijeriya shiga.

Sai maganar lokaci, wadda ga mai 'yan makaranta hutu ne ke yanke ta. Dogon hutu na Yuli zuwa Satumba ya faɗo daidai da iskar kudu da Waswahili ke kira Kusi. A Zanzibar lokacin rani ne mai sanyi-sanyi, mafi daɗin shekara. A Morishus hunturunsu ne, gabas da kudu na shan iska, sai a nemi masauki a yamma ko arewa. A Seshel teku na tashi, jirgin ruwa na awa guda daga Mahe zuwa Praslin yakan juya cikin wanda bai saba ba, wasu gaɓoɓin kuma ciyawa na taruwa a kansu. Hutun Disamba kuwa Zanzibar zafi, Morishus zafi da fargabar guguwa, Seshel tsakiyar damina. Afrilu da Mayu su ne Masika, babbar daminar Zanzibar, a kauce musu, alhali Afrilu da Oktoba ne teku ya fi kwanciya a Seshel. Ko ina aka nufa cikin ukun, katin allurar shawara ya kasance tare da fasfo.

Da a ce shi da maiɗakinsa kaɗai ne, kuma aljihu ya yi nauyi, da Seshel zan tura su a Oktoba, su hau keke a La Digue inda mota ba ta da yawa. Da yaran sun kai shekarun hawa dutse da tambayar yadda ƙasa ta samu, da na ce ya ƙara shekara guda yana tari ya kai su Morishus, domin babu inda yaro zai ga ramin wuta da kwazazzabo da katangar murjani cikin yini ɗaya kamar can. Amma yaransa ɗaya shekara biyar, ɗaya bakwai, kuɗin na gumi ne, hutun kuma na Agusta. Na ce masa Zanzibar, ta Addis Ababa. Kwana uku a Kendwa don yara su shiga ruwa duk sanda suka so, kwana ɗaya a tsohon gari da gonar kanumfari don uwarsu ta ga bishiyar abin da take dakawa, sannan kwana biyu a Jambiani. Ya tambaye ni waɗanne ranaku zai kama ɗakin Jambianin. Na ce ya ɗauko kalandar Musulunci ya nemo sha huɗu ga wata, ya kama ranar da wadda ke bi mata, ya kuma saya wa kowa takalmin roba.